Ranar da Na Sa wa Surukin Alhaji Faswod

Jiya wani daga cikinku ya dube ni ya ce wai kafa fayawol aikin minti arba'in ne. Yana faɗa yana taunar cingam, laftof ɗinshi ya sha sitika kamar bayan motar haya. Ban yi mashi gardama ba, don gaskiya ya faɗa. Minti arba'in ɗin ma har da hutu a ciki. Ka jona kebul, ka shiga, ka rubuta dokokinka, ka ga koriyar fitila, ka ɗauki hoto ka tura guruf a yi maka tafi. Abin da bidiyoyin da kuke kallo ba su koya maku ba shi ne abin da za ka yi ranar da dattijo mai shekara saba'in ya miƙo maka wayarshi ya ce sa mani faswod. A nan na faɗi. Kuma ba ni na fi jin ciwon faɗuwar ba, wata baiwar Allah ce mai sayar da tuwo a Babbar Kasuwa. Ku ja kujera, kai kuma tofar da cingam ɗin nan.

Sunana Lawal, amma in kuka shiga gari neman Lawal ba za ku same ni ba, sai kun ce Lawal Kebul. Sunan ya biyo ni ne daga kafen da na koyi aiki a Ƙofar Kwaya, zamanin da mutum zai yi wanka ya sa turare ya je ya hau layi don ya duba imel. Maigidana Malam Ɗahiru sai da ya yi wata takwas bai bari na taɓa kibod ba. Aikina kan kebul ne: in feƙe shi, in jera siraran wayoyin nan takwas launi bayan launi, in cusa su cikin kai, in danne da filaya. Sai ya karɓa ya sa a na'urar gwaji. In fitila ɗaya ta ƙi kamawa ba ya magana, almakashi yake ɗauka ya datse kan ya miƙo mani. Na hau silin ɗin kafen nan har ɓerayen ciki suka daina gudu in sun gan ni. Ku kuwa yanzu, a miƙa wa ɗayanku filaya sai ya tambaya ta ina ake kunna ta.

Fayawol na farko da na gani wata tsohuwar kwamfuta ce da Malam Ɗahiru ya sa wa katin netwok biyu ya tura ƙarƙashin tebur. Aikinta ɗaya ne. Duk abin da zai shigo daga intanet, da duk abin da zai fita, sai ya bi ta kanta ta duba ko an yarda da shi. Mai gadi ke nan. Na wancan lokacin lambar ƙofa kawai yake tambaya ya ce wuce. Na yanzu kuwa har jaka yake kwancewa. Ya san wannan bidiyo ne, wannan saƙon banki ne, wannan kuma muguwar manhaja ce ta shigo da sunan takardar neman aiki. Yana rubuta duk wanda ya wuce da lokacin da ya wuce, ya kuma aiko maka da gargaɗi har cikin wayarka. Na'ura ce mai hankali, wallahi ta fi wasu manajojin da na sani. Abu ɗaya ne ba ta iya ba: ba ta tuhumar wanda ka gaya mata ɗan gida ne.

Kwastomomi kuwa, Allah Ya ba mu haƙuri. Na taɓa kafa wa wani mai shagon buga takardu akwatin fayawol sabo fil, bayan sati biyu ya kira ni wai akwatin ya mutu. Na je na tarar maiɗakinshi ta ɗinka wa akwatin riga mai leshi, an lulluɓe shi ruf don kada ya yi datti, zafi ya dafa shi. A wani ofishin kullum ƙarfe goma intanet ke ɗaukewa. Na yi kwana ukku ina bin layi ina zargin kowa, ashe masinja ne ke zare filogin ya jona butar shayi. Akwai manajan da ya sa na toshe wa ma'aikatanshi ƙwallo da fina-finai, ya yi masu wa'azi a gabana kan amanar aiki, sannan ya rako ni har bakin mashin, ya rage murya ya ce, "Injiniya, ban da kwamfutata fa." Duk waɗannan abin dariya ne, ba wanda ya rasa komai sai ni da na ƙona fetur.

Aikin da ban yi dariya a ƙarshenshi ba shi ne na ɗakin gwajin jinin Alhaji Mannir, can wajen Ƙofar Guga. Kun dai san abin da ke cikin kwamfutar irin wannan wuri. Sunan mutum, unguwarshi, lambar wayarshi, da abin da aka gani a jininshi. Akwai abin da mutum bai faɗa wa uwar da ta haife shi ba, amma yana nan zaune cikin fayil. Alhaji Mannir ya san haka, kuma ba marowaci ba ne. Ya ce in kawo mai kyau, na kawo mai kyau.

Na raba mashi netwok gida biyu. Akwai na ciki, inda kwamfutar sakamako take, da na'urar buga takarda, da kwamfutocin ma'aikata, na'urori tara cif. Akwai kuma waifai na masu jira, na sa mashi suna Baƙi. Wannan zaure ne: ka zauna ka sha intanet ɗinka, amma ba ka ganin tsakar gida. Na kuma rage mashi gudu don kada masu jira su shanye data da kallon bidiyo. Faswod ɗin Baƙi na manna shi a bango kowa ya gani. Na ciki kuwa daga ni sai Alhaji, ko ma'aikata ni na sa masu a kwamfutocinsu da hannuna. Na tsaya na dubi aikin nan na ce, Lawal, ai ko a Abuja sai haka.

Laifina na farko ƙarami ne. Fayil ɗin da ake tara sakamako yana da nashi makullin. Ma'aikata suka bi suka dame ni, wai kullum sai ya tambaye su faswod kafin su buga takarda, layi na taruwa, mutane na tsaki. Na ce tau, ai ba mai shiga cikin gidan sai ku, na cire masu. A raina ina da katanga, ina da mai gadi, mi zan yi da kwaɗo a ƙofar ɗaki.

Wata Laraba bayan la'asar na je canza wani kebul da ɓera ya yi wa aski. Ina kan tsani sai na ga Alhaji Mannir ya fito daga ofis da sauri, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa. Surukinshi ne ya zo awon sukari, mahaifin matarshi, wanda kowa ke ce wa Baba Alhaji, tsohon ɗan kasuwar hatsi mai farin gemu da ƙatuwar waya. Aka yi gaisuwa ta kai minti biyar, Alhaji Mannir kanshi a ƙasa, murya kamar ta ɗan firamare. Mutumin da in ya daka wa ma'aikata tsawa sai ginin ya amsa! Da aka gama ya sulale ya koma ofis ya turo ƙofa, don kun san ba a zama a yi hira da suruki.

Baba Alhaji ya zauna jiran sakamakonshi, ya fiddo waya zai kira ɗiyarshi da ke aure a ƙasar waje ta bidiyo. Ma'aikaciyar da ke karɓar mutane ta sa mashi faswod ɗin bango. Hoto ya riƙa tsayawa, murya na yankewa. Ya juya wayar, ya girgiza ta, sannan ya ɗaga kai ya gan ni.

"Kai, mai tsani. Kai ne injiniyan?"

Na sauko na durƙusa na gaishe shi.

"Wanga abu naku ba ya tafiya. Mi aka rubuta nan?"

"Baƙi, Baba. Na masu jira ne."

"Akwai wani ke nan?"

A nan ya kamata in yi ƙarya. Allah Ya sani na iya ta, wanda ya yi shekara ashirin yana ce wa kwastoma gani nan a hanya alhali yana kan katifa ai ba za a koya mashi ba. Amma bakina ya riga ni.

"Akwai na ma'aikata, Baba, sai dai shi..."

"Tau," ya ce. "Ni da na ba shi ɗiya, ni ne za a haɗa da masu jira. Madalla."

Ya mai da wayar aljihu a hankali, yadda duk wanda ke wurin zai gani.

Na shiga ofis. Alhaji Mannir ya ji komai ta bayan ƙofa, zufa na keto mashi duk da sanyin da ke ɗakin.

"Lawal, don girman Allah je ka sa mashi."

"Alhaji, wancan fa shi ne inda sakamakon mutane yake."

"Baba ne zai saci sakamako? Mutumin da ko saƙo sai an karanta mashi? Je ka sa kafin ya tashi. In ya fita da fushin nan, ni yau ban san ta inda zan shiga gidana ba."

Na fita, na sake durƙusawa, na karɓi wayar da hannu biyu, na rubuta mashi faswod ɗin ciki. Nan take hoto ya washe, ga ɗiyarshi tana dariya, ga jikoki suna ɗaga hannu. Baba Alhaji ya yi ta sa mani albarka, har da ta 'ya'yan da ban haifa ba. Na hau mashin na tafi ina jin daɗi. Ku riƙe wannan da kyau, jin daɗi na ji, ba fargaba ba.

Abin da ban kawo a raina ba, wayoyin zamani ba su riƙon amana. Ka danna wuri ɗaya sai ta fito da wani ɗan zane, wani ya haska da tashi wayar ya hau, ba sai ya san ko harafi ɗaya ba. A ƙofar wurin akwai wani babban itacen bedi, a inuwarshi akwai majalisa: mai shayi, masu facin taya, 'yan acaba, da waɗanda ba wanda ya san sana'arsu amma kullum suna nan. Direban Baba Alhaji a nan yake zama in ya kawo shi. Shi ke riƙe mashi waya in zai shiga a ɗebi jini. Sauran bayanin kun iya ƙarasa shi da kanku.

Bayan kamar wata guda na buɗe rajistar fayawol ɗin daga shagona don in duba lafiyarshi. Na'urori tara sun zama talatin da wani abu. Wayoyi iri-iri, har da wadda mai ita ya raɗa wa suna Sarkin Gayu. Fayawol bai ce uffan ba. Mi zai ce? Duk da makullin gida suka shigo. Na kira Alhaji Mannir a take.

"Alhaji, dole mu canza faswod ɗin ciki yau ɗin nan. Rabin unguwa na kai."

"In Baba ya dawo ranar Laraba wayarshi ta ƙi hawa fa?"

"Sai in zo in sake sa mashi."

"Ya gane saboda shi aka canza? Lawal, kana da suruki kuwa?"

"Ina da shi, Alhaji."

"Tau ka san abin da kake faɗi ba mai yiwuwa ba ne. Bari ya gama zuwa awon nan, saura wata biyu."

Na ga bakinku na motsi, ku masu ilimi. E, na sani. In bar sunan waifai ɗin da faswod ɗinshi yadda suke, in mai da shi zaure, in kwashe na'urori taran nan in kai su sabon layi. Wayar Baba ta ci gaba da hawa, majalisar bedi ta ci gaba da shan data, ba mai ganin tsakar gida, ba kuma wanda aka ci wa fuska. Kuna tsammani ban san wannan ba? Tun ina riƙe da wayar na san shi. Aikin awa biyu ne, sai dai ana bukatar ranar da ba a aiki. Na ce Lahadi. Lahadin farko na tafi ɗaurin aure Daura. Ta biyu aka kira ni wani aiki Funtuwa. Ta ukku kuwa ba zan ɓoye maku ba, barci na yi. Mai da wa fayil ɗin makullinshi ma aikin minti biyar ne, amma na tuna da ƙorafin ma'aikata na ce a haɗa duka rana ɗaya. Ba jahilci ne ya kayar da ni ba. Kunya ce ta buɗe ƙofar, lalaci ya bar ta a buɗe.

Wata Litinin da hantsi Alhaji Mannir ya kira ni, ko sallama bai yi ba. Wani ya tura hoton shafi guda na rajistar sakamako a guruf ɗin unguwa. Sunaye, unguwanni, da abin da ke gaban kowane suna. Kafin azahar ya zaga gari, har ni sai da mutum biyu suka turo mani, ɗaya ma da tambayar ko na gani.

Na buɗe rajistar fayawol. Ga shi nan a rubuce tsaf. Ranar Asabar, tsakanin la'asar da magariba, wata waya ta shiga fayil ɗin, ta yi minti shida ta fita. Ba wani ƙwararren ɗan kutse ba ne daga ƙasar waje, mai baƙar riga da hula, irin wanda kuke mafarkin kamawa. Wani ne a inuwar bedi, watakila da kofin shayi a hannu, ya buɗe manhajar duba fayil don zaman banza, ya ga abu a buɗe, ya leƙa, ya ga sunan da ya sani. Har yau ban san ko wane ne ba. Fayawol ya ba ni lambar na'urar da lokaci, bai ba ni fuska ba, wayar kuma ba ta sake hawa ba.

Aikin awa biyun nan a ranar na yi shi, cikin awa ɗaya da rabi. Ba wanda ya ambaci Baba Alhaji. Ranar Laraba ya zo, wayarshi ta hau lafiya lau, ya yi hirarshi da jikoki, bai san an yi komai ba.

Shekarar nan ta yi mani muni. Ɗakin gwajin ya yi fayau, mutane suka koma wani wuri. Kwastomomina ukku suka sallame ni ba tare da sun faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. In na je jana'iza ko suna sai in ga ana nuna ni da haɓa. Duk na cancanta, kuma duk ya wuce. Alhaji Mannir ya farfaɗo a hankali, ni ma ga ni ina ba ku labari. Tun daga lokacin, duk inda na kafa fayawol sai na buɗe waifai na ukku, in sa mashi suna Manya, in ba shi gudu mai kyau da dogon faswod mai ban tsoro. Zaure ne shi ma, dardumar ce kawai ta fi laushi. Suruki ya zo, mai unguwa ya zo, abokin mahaifin mai wuri ya zo, in durƙusa in sa mashi, kowa ya tafi da mutuncinshi. Kuma ko ma'aikata za su yi kuka da hawaye, ba na cire wa fayil makulli.

A shafin da ya fita akwai sunan Hajiya Indo. Duk wanda ya taɓa aiki a layin 'yan hatsi na Babbar Kasuwa ya san tuwonta da miyar kuɓewa busassa, shekara da shekaru tana nan. A gaban sunanta an rubuta ciwon hanta. Likita ya riga ya gaya mata irin nata ba a ɗaukarshi ta abinci, ta ci gaba da sana'arta. Amma je ka yi wa kasuwa wannan bayanin.

Na yi sati biyu ina kewaye layinta. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Ranar da na daure na je, da azahar na je, lokacin da a da sai ka tsaya da kwano a hannu kana jiran wani ya tashi. Benci ukku, ba kowa a kai. Tukwane cike, an rufe su da faifai. Tana zaune ta ɗaura atamfa fes, tana korar ƙuda da mafici.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Hajiya. Ina wuni? Ya kasuwa?"

"Lafiya lau, ɗana. Kasuwa mun gode Allah. Tuwo ko shinkafa?"

"Tuwo, Hajiya."

Ta ɗauki mara, sai ta tsaya ta dube ni.

"Kai baƙo ne a garin nan?"

"A'a, nan aka haife ni."

"Tau ko ba ka da waya?"

"Ina da ita, Hajiya. Na gani."

Na zauna a bencin na gaya mata ni ne wanda aka ɗauka ya tsare kwamfutar da takardarta take ciki. Na fara kawo bayanin netwok da fayawol da yadda aka raba layi biyu, irin surutun da muke yi in muna son laifi ya ɓace cikin Turanci. Ta ɗaga mani hannu.

"Ni ban san waɗannan ba. Kai ne mai gadin?"

"Ni ne."

"Tau tunda aikinka ne, za ka iya goge shi daga wayoyin mutane?"

"A'a, Hajiya. Ba mai iyawa."

Ta gyaɗa kai, kamar dama ta sani.

"Fasa ƙofar aka yi?"

"Ba a fasa ba. Ni na buɗe."

"Don mi?"

"Kunyar wani dattijo na ji, Hajiya."

Ba ta zage ni ba, kuma wallahi na so ta zage ni.

"Ni ma ai na haife ka," ta ce. "Ni dai ba ka gan ni ba ne."

Ta zuba mani tuwon, na wanke hannu na cinye shi tas, na sha ruwa a modarta. Kafin azumin shekarar nan ta tattara tukwanenta ta koma gida, kuma ba ta sake dawowa kasuwa ba.